Robar Hannun Babur Ta Cinye? Ga Yadda Ake Ƙara Mata Kwana Da Tsohon Tiyub Ɗin Keke

Da wuya a ga matashin da ya bar wayarsa tsirara. Gilashin kariya na tsagewa zai garzaya a sauya masa, rigar waya na koɗewa zai nemo wata. Amma a leƙa kan babur ɗin da yake hawa zuwa makaranta ko shago, sai a tarar robar da hannunsa ke riƙewa kullum ta yi sulɓi kamar kwalba, ko ta yage har ƙarfe ya leƙo, ko kuma an naɗe ta da baƙin salatif wanda rana ta narkar, yana ta manne wa tafin hannu.

Wannan roba ba ado ba ce. Da ita ake karkata babur, da ita ake ba shi wuta, kuma a kanta tafin hannu ke dogara lokacin da yatsu suka kai wa birki cafka. Idan ta zame a daidai wannan lokacin, babu wani abu a jikin babur da zai tsaya a madadinta.

Ana iya ƙara mata kwana a gida da kayan da ba su kai sun kawo ba. Sai dai gyaran hannun hagu daban, na dama daban, kuma wanda bai san bambancin ba zai iya gyara roba ya ɓata totur.

Abin da ke cinye ta

Gogayyar hannu ita ce kowa ke zargi, amma rana ta fi ta ɓarna. Hasken rana yana farfasa ƙwayoyin roba a hankali, shi ya sa saman robar, inda rana ke duka, kan riga ƙasanta tsattsagewa. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, baƙar robar da aka bari a fili tana ɗaukar zafin da ya wuce na iskar wurin nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa ɗare babur da azahar ya janye hannu ba shiri ya san wannan.

Sai fetur da baƙin mai. Galibin robobin nan suna shan su, su kumbura, su saki jiki. Mutum ya buɗe tanki, fetur ya taɓa masa yatsu, ya koma ya riƙe kai: haka ake shafa mata guba kaɗan-kaɗan. Gumi da ƙurar hunturu kuwa, idan suka haɗu, aikin samfefa suke yi wa zanen da ke jikinta.

A fara gano ciwon

A kashe babur, a kafe shi da kyau, a riƙe kowace roba a murɗa da ƙarfi. Abu uku ake dubawa: ko tana juyawa a kan ƙarfen, ko samanta ne ya yi sulɓi ko danƙo, ko kuma ta yage.

Mafi muni a cikinsu shi ne wanda ido ba ya gani, wato mai juyawa. Roba na iya zama fes kamar sabuwa amma ta saki ƙarfe. A hagu, ranar da aka faɗa rami za ta iya zarewa ta taho da hannu. A dama kuwa, mutum zai murɗa totur robar ta juya ita kaɗai, ko ya mayar da hannu don rage wuta totur ɗin bai bi shi ba. Don haka ko da naɗi za a yi mata daga baya, sai an fara tsayar da ita. Naɗa sabuwar riga a kan robar da ke juyawa ɓata lokaci ne.

Tsayar da mai juyawa

A hannun hagu aikin ba wuya. A zura siririn sukudireba tsakanin roba da ƙarfe, a ɗiga sifirit irin wanda ake sayarwa a kemis, a zagaya da sukudireban a hankali, sai a ja robar tana fita. A kankare tsohon gam daga ƙarfen, a ɗan bi shi da samfefa idan ya yi tsatsa, a goge da sifirit. Cikin robar ma a wanke shi, a bar shi ya bushe ƙarau.

Wajen mayarwa, a shafa gam irin na masu gyaran takalmi, shafi ɗaya siriri a kan ƙarfen, a tura robar nan take tun gam ɗin yana ɗanye. A nan an saba wa yadda ake amfani da shi a takalmi, inda ake jira ya sha iska. Idan aka jira, robar za ta maƙale a rabin hanya, ba gaba ba baya. Bayan ta zauna daidai, a bar babur ya kwana ba a hau ba.

Masu tseren babur a daji suna ƙarawa da waya, kuma dabara ce mai kyau. A samu siririyar waya wadda ba ta tsatsa, kaurin kamar milimita 0.8, a zagaya robar sau biyu kusa da leɓenta na ciki, a murɗe da filaya har wayar ta ɗan nutse cikin roba, a yanke, a lanƙwasa bakin a cusa shi ciki. A yi wani ɗaurin kusa da ƙarshe. Ƙullin ya kasance ta ƙasa, inda tafin hannu ba ya kwanciya, in ba haka ba ranar farko zai fasa fata.

Ban da sabulu, ban da mai. Sabulu na sa roba ta shige salin-alin, amma ragowarsa na nan a ciki yana jiran ruwan sama. Damina na sauka zai farka, robar ta koma juyawa fiye da da.

Naɗin tiyub

Wannan shi ne gyaran mai sulɓi da mai ƙaramar yagewa. Abin nema shi ne tsohon tiyub ɗin keke, wanda masu faci kan jefar idan facin ya yi masa yawa. Na keke ake so, ba na babur ba. Na babur ya yi kauri, idan aka ninka shi hannun zai zama kamar taɓarya. Yawancin tiyub ɗin keke na yanzu da robar butil ake yin su, wadda ke jure rana da iska fiye da robar itace, kuma wasu kamfanoni kan ja mata shuɗin layi a jiki. Kafin a karɓa a ja shi a gani. Idan ƙananan tsagu suka bayyana a jikinsa, ya riga ya mutu, a nemi wani.

Sauran kayan: almakashi mai kaifi, samfefa, sifirit, da sholisho na faci.

A yanke wajen bawul a yar. Kafin a tsaga tiyub ɗin, a fara yanko zobba guda biyu daga jikinsa, kowanne faɗin santimita 2. Su ne za su rufe ƙarshen naɗi, kuma mutane kan manta da su sai bayan sun tsage tiyub ɗin kaf. Sannan a tsaga sauran a tsaye, a shimfiɗa, a wanke farar hodar da ke ciki da ruwa da sabulu, a ɗauraye sosai. Hodar nan an zuba ta ne don kada roba ta manne da roba, wato daidai kishiyar abin da ake nema.

Tsawon da ake bukata lissafi ne mai sauƙi. Robar hannu kan kai santimita 12 zuwa 13 a tsawo, zagayenta kuma kusan santimita 10. Idan faɗin zirin da aka yanka santimita 2 ne, kuma kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, to kowane zagaye na ci gaba da kusan santimita 1. Zagaye 11 ko 12 ke nan, wato kimanin santimita 120. Tunda ana ja ana naɗawa, zirin da ya kai mita ɗaya da ɗan ɗori ya ishi hannu guda. Tiyub ɗin babban keke mai taya inci 28 yana kai wa mita biyu, don haka guda ɗaya zai yi hannaye biyu har a ajiye saura.

Wajen yanka a yi haƙuri. Duk inda almakashi ya ɗan ci gefe ya bar tsaga, nan zirin zai tsinke idan aka ja shi. A riƙe robar a miƙe, a tura almakashin a hankali maimakon datsawa guntu-guntu. Bakin farko da na ƙarshe a yanke su a karkace, kamar bakin alƙalami, don naɗin ya fara ya kuma ƙare a daidaice ba tare da tudu ba.

Sai shirya tsohuwar robar. A wanke ta, a aske duk wani ɓangaren da ya ɗago da reza, a bi ta da samfefa har ƙyallin ya mutu, a goge da sifirit. Idan akwai ramin da ya kai ga ƙarfe, a yanko ɗan guntun tiyub a cike shi da sholisho, don kada naɗin ya lotsa a wurin. A zura zobe ɗaya, a tura shi can jikin leɓen ciki ya jira.

Yanzu abu biyu da ke raba naɗin da zai daɗe da wanda zai warware cikin mako.

Na farko, inda ake farawa. A fara daga ƙarshen waje a nufo ciki, wajen maɓallan hon da sigina. Dalili kuwa, hannun mai tuƙi waje yake zamewa. Idan aka faro daga waje, kowane zagaye na kwanciya a kan na bayansa kamar jerin kwanon rufi, hannu ya bi ta kansu ya sauka. Idan aka faro daga ciki, gefunan za su fuskanci hannu, kullum yana ɗaga su har su nannaɗe.

Na biyu, ɓangaren da ake zagayawa. Mai babur yana murɗa totur ne ta wajen kansa, saman robar na tahowa baya. To zirin ma ya bi wannan hanya: ya hau ta sama ya taho wajen mazauni, ya bi ta ƙasa ya koma gaba. Da haka duk murɗar da aka yi ƙara ɗaure naɗin take yi. Aka juya shi, kowace murɗa kwance shi take. A hagu ma haka za a bi, domin nauyin hannu baya yake jan robar.

A shafa sholisho siriri a ƙarshen tsohuwar robar da bakin zirin, wanda shi ma an ɗan goge shi da samfefa. A nan kam sai an jira kamar minti biyar, har ya daina ƙyalli, yadda mai faci ke yi. A manna, a yi zagayen farko cikakke a kan kansa, sannan a fara gangarowa. Ja ya zama matsakaici kuma iri ɗaya daga farko har ƙarshe, gwargwadon yadda zirin zai ɗan rage faɗi. Wanda ya ja shi iya ƙarfinsa zai ga naɗin ya yi tauri kamar katako, kuma robar da ke cikin tsananin ja ita ce ta fi saurin tsattsagewa a rana. Ba sai an shafe ko'ina da sholisho ba. Jan ne ke riƙe naɗin, sholisho bakuna biyu kawai yake tsarewa.

Idan aka iso ciki, a tsaya kafin leɓen robar, a manne bakin ƙarshe ta ƙasa, a jawo zoben da ke jira a ɗora masa. Shi ke nan. Sholisho dai a yi aiki da shi a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta, a kuma ɗauke shi daga inda yara za su kai.

Akwai gajeriyar hanya: a yanko tiyub santimita 12 ba tare da an tsaga ba, a jiƙa cikinsa da sifirit, a zura wa robar kamar safa. Minti biyu an gama, kuma ya fi kyan gani. Matsalarsa ita ce santsi. Butil mai sumul idan ya haɗu da gumi ko ruwan sama zamewa yake, alhali naɗi na da gefuna da ke kama yatsu. Ga wanda ke tuƙi da safar hannu babu laifi. Ga mai tuƙi da hannu tsirara naɗi ya fi.

Hannun dama

Robar dama ba a kan ƙarfe take zaune ba. Tana kan wani bututun roba mai tauri ne, wanda ke juyawa a kan ƙarfen yana jan wayar totur. Shi ya sa ramukan biyu ba ɗaya ba ne: a yawancin ƙananan babura irin su Bajaj Boxer, TVS, Haojue da Jincheng, kaurin ƙarfen kai milimita 22 ne, ramin robar hagu ma haka, na dama kuwa 24 zuwa 25. Abin da ke mayar da totur idan aka saki shi ɗan sifirin ne kawai, ba wani mai ƙarfin a zo a gani ba. Ƙaramin abu ya ishe shi ya gaza.

Ga hanyoyin da gyaran gida ke kashe shi. Naɗi ya wuce leɓe ya goga jikin gidan maɓallai. Gam ya gangara ƙarƙashin bututun ya haɗa shi da ƙarfe. Waya ko zirin tiyub an ja su da ƙarfi har sun matse bututun. Ko kuma an tura robar ciki sosai har rufaffen ƙarshenta na gogar bakin ƙarfe, abin da kan faru kuma idan babur ya faɗi ta dama. Don haka a wannan ɓangaren a sassauta ja, a rage gam, kada ya kusanci bakunan bututun, a kuma bar ɗan rata tsakanin roba da gidan maɓallai wanda kati zai iya shiga.

Bayan an gama sai gwaji, kuma ba a tsallake shi. Babur a kashe, a murɗa totur har ƙarshe a saki. Dole ya koma da kansa nan take, a ji ƙarar tsayawarsa. A maimaita sau uku: kai a miƙe, kai an karya shi hagu gaba ɗaya, kai an karya shi dama gaba ɗaya. Sannan a tayar da inji a firi, a bar shi a silo, a juya kai hagu da dama. Idan ƙarar inji ta ɗaga da kanta, akwai abin da ke jan waya. A duba ɗan wasan da totur ke yi kafin ya fara ja, wanda littattafan babura da yawa ke sa shi tsakanin milimita 2 zuwa 6.

Idan totur ya koma a hankali kamar mai jin barci, ba a hawa da niyyar zai saki a hanya. Babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana cinye kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Daƙiƙa biyu na kokawa da totur a bakin shataletale ya wuce mita 30. A warware naɗin a sake.

Abu na ƙarshe a nan: naɗi na ƙara wa hannu kaurin milimita 3 zuwa 4. A zauna a kan babur a miƙa yatsu a kama birki da kuloci. Mai gajerun yatsu da ya ji birki ya yi masa nisa, ya warware ya rage hawan, zagaye ya hau kashi ɗaya cikin uku na na bayansa maimakon rabi.

Abubuwan da aka saba yi, da inda suke kasawa

Baƙin salatif na masu wutar lantarki shi ne gyaran kowa, kuma shi ne mafi rashin amfani. An yi shi ne don ya zauna a jikin waya, ba don a murje shi da gumi a rana ba. Gam ɗinsa na narkewa, zagayen su zame a kan juna, hannu ya yi baƙi. Sufa gulu kuwa ruwa ne tsararo, yana bin duk wata kafa, kuma kafar da ta fi kusa da shi a dama ita ce ta ƙarƙashin bututun totur. Ko a hagu ma bushewa yake ya yi tauri, girgiza ta farfasa shi.

Fetur, wanda wasu bakanikai ke zubawa don roba ta shige, gaskiya yana kama ta, domin yana narkar da fatar cikinta ta manne. Amma cin robar yake yi don ya riƙe ta. Sifirit na yin zamiyar, ya bushe, bai taɓa komai ba.

Masu gyaran wayar caja sun san robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Akwai manyanta masu zane a jiki, waɗanda aka yi don sandar kamun kifi, kuma suna zama a hannun babur. Galibinsu na tsukewa zuwa rabin faɗinsu, don haka mai milimita 40 zuwa 45 ta dace. Sai dai da na'urar hura iska mai zafi ake yi, ba da ashana ko laita ba, ga tankin fetur a kusa. A dama kuma zafin na iya lanƙwasa bututun totur, don haka gwajin nan na sama ya zama tilas.

Girgiza da waya

Wani amfanin naɗin tiyub shi ne rage girgizar da ke sa yatsu su mutu a doguwar tafiya. Amma hannu kaɗai yake karewa. Wayar da aka ɗaure a mariƙinta a jikin ƙarfen kai tana shan girgizar inji kai tsaye. A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple ya fitar da gargaɗi cewa girgizar injin manyan babura na iya lalata sassan kyamarar iPhone masu hana hoto rawa da masu daidaita shi, ya kuma ba masu ƙananan babura shawarar amfani da mariƙi mai rage girgiza. Ragowar tiyub ɗin da aka naɗa ƙarƙashin maƙalin zai hana shi zamewa da kankare fenti, amma ba zai zama madadin irin wancan mariƙin ba. A tabbata kuma maƙalin bai danne wayar totur ko ta birki ba.

Kula da ita bayan gyara

Inuwa ta fi kowane gam. Inda babu inuwa, tsumma ko tsohuwar safa a kan hannayen ta wadatar. A wurin wankin babur a hana su shafa wa hannu man ƙyalli da suke shafa wa taya. Butil na jure rana amma ba ya shiri da fetur, don haka a goge hannu bayan an taɓa tanki. A makon farko a riƙa murɗa naɗin kowace safiya ana duba zoben, domin idan zai saki, a nan zai fara.

Akwai kuma inda gyara ya ƙare. Idan bututun totur ya tsage, ko wajen da kan wayar ke maƙalewa ya cinye, ko robar ta koma danƙo har tana barin baƙi a hannu bayan an wanke ta, ko ta yage daga farko har ƙarshe, naɗi ba shi da abin da zai kama. Sai sabuwa. A babura da yawa ana sayar da ta dama haɗe da bututunta, don haka a tafi shagon kayan gyara da tsohuwar a hannu, a gwada tsawo da wajen maƙala waya, a kuma leƙa ramukan biyu a tabbatar ɗaya ya fi ɗaya faɗi kafin a biya.